Kafarat ɗin Baba Sale

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta ranar Alhamis a unguwar Al-Sih ba, ko da zan manta duk abin da na haddace a Madina. Shekarata ta biyu ke nan a jami'a, a farkon shekarun 1980, ina karatun shari'a, kaina kuma ya kumbura ƙwarai. Na iya Larabcin littafi, na ci nahawu. In na buɗe baki a kasuwa sai masu kanti su yi murmushi su ce "sadaƙallahul azim" (ni kuwa a zatona yabo ne).

Akwai wani dattijo a cikin Hausawan garin, Baba Sale. Kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba, shi a Madina aka haife shi. Direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga Yanbu ya hau da su arewa har Jodan da Sham. Kowa ya san abin da ya same shi a sanyin shekarar da ta gabata. A kan wani tudu, can gaba da Tabuka, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, wadda su suke kira talj. Motar ta ƙwace masa ta kife, ƙaninsa Yakubu, wanda suke karɓa-karɓar tuƙi da shi, ya rasu nan take. Tun daga ranar Baba Sale bai sake zama bayan sitiyari ba. Ana gaishe shi, ana yi masa addu'a, amma ba mai ɗauko zancen a gabansa.

Wata rana na fito daga Harami sai wani maƙwabcinsa ya tare ni.

"Ya ustaz, Baba Sale na nemanka ranar Alhamis. An ce kai ne mai karatun. Batun kafarat ne, saboda talj."

Wallahi wani daɗi ya ratsa ni, Allah ya yafe mini. Ga ɗalibai manya, ga malamai masu furfura, amma ni aka zaɓa. Kaffara! Dattijo ya yi shekara yana ɗauke da nauyin ran ɗan'uwansa, yanzu yana neman fatawa. Ban tambayi mutumin komai ba. Kwana uku na yi ina bin babin kisan kuskure a mazhaba huɗu, har da rubuta hujjoji a takarda. Ranar Alhamis na sa a goge mini farar jallabiyata, na rungumi littattafai biyu masu nauyi (ɗaya ma ban buɗe shi ba, girmansa kawai nake so a gani).

Na tarar da su a ɗakin baƙi, direbobi kamar shida suna jingine da matasai, ana zagaya shayi da dabino. Ƙofar cikin gida labule ne kawai a kanta. Baba Sale ya tashi da kansa ya ba ni wuri. Dogo ne, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bayan gaisuwa ya dube ni ya ce, cikin irin Hausarsu mai haɗe da Larabci:

"Ya waladi, ɗana, ka san abin da talj ya yi mini bara. Yanzu an ba ni kaya zuwa Amman, na ce bismillah, zan koma. Amma ba zan tashi ba sai na gyara batun kafarat. Ka faɗa mini, wane iri ne ya dace da ni?"

Na gyara zama. Na yi gyaran murya. Na yi salati mai tsawo, na karanto ayar kisan kuskure da ƙira'a, sannan na fassara ta dalla-dalla don kada wani ya ce bai gane ba.

"Baba, wanda ya kashe mumini bisa kuskure, kaffararsa 'yanta bawa ce. Tunda babu bayi yanzu, azumin wata biyu ne a jere. Kai ne ke riƙe da sitiyari lokacin da marigayi ya rasu, don haka a hannunka ransa ya fita, kuma..."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san sau uku na furta kalmar kisa. Ina cikin kawo saɓanin malamai na lura ba mai shan shayi. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuma, ga wauta, sai na ɗauka wa'azina ne ya shige su, na ƙara ɗaga murya.

Wanda ke kusa da ni ne ya dafa gwiwata.

"Ya ustaz, bas. Ya isa. Kafar yake nufi. Taya. Tayar mota."

Baba Sale ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro wani ɗan littafi mai hotunan tayoyi, duk rubutunsa Turanci. Ashe a bakin mutanen Hijaz sunan taya kafar, jam'inta kafarat. Shadda ɗaya da madda ɗaya ne suka raba ta da kaffarar da na kwana uku a kanta, ni mai cin nahawu. Karatun da aka ce ina da shi kuwa ba fiƙihu ba ne. An ji ɗan Najeriya ne ni, na yi boko, ina karanta Turanci. Shi ke nan dalilin kirana.

Da dariya suka yi da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Gumi ya keto mini a cikin wannan sanyi, na rasa inda zan sa idona, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gidan da aka shekara ana tattalin ciwo, na zo na fama shi da hujjoji daga mazhaba huɗu. Magana kuwa zarar bunu ce.

Na fara inda-inda. "Baba, don Allah..."

Ya ɗaga hannu, ba tare da fushi ba.

"Ba ka yi ƙarya ba, ya waladi. Kafin mu tashi Yakubu ya ce mu canza kafarat, na ce sau nawa muka bi hanyar nan da su. Tayoyin yashi ne a motar, masu sulɓi. Wata biyun nan na yi su, a tsakiyar zafin Madina, ban sha ko ɗaya ba. Ba wanda na gaya wa." Ya miƙo mini littafin. "Azumi ba ya riƙe mota a kan talj. Wannan karon da mijin 'yata zan tafi, yana da 'ya'ya huɗu. Ka karanta mini."

Na karɓa. Ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, sai ƙanƙarar da ake jefawa a ruwan sha. Na shiga fassarawa layi-layi, muryata a ƙasa. Littafin ya ce taya mai shiga ko'ina, kwalta da tsakuwa da yashi, ba kowace ce ke kama hanya a dusar ƙanƙara ba. A nemi mai haƙora masu zurfi da tazara a tsakaninsu, don ta riƙa tofar da abin da ta taka. A duba 'yan tsage-tsage ƙanana a jikin haƙoran, su ne ke cizon santsi. Robar ta zama mai laushi, wadda sanyi ba ya sandarar da ita. A gefen tayar kuma a ga haruffa biyu, M da S, wato laka da dusar ƙanƙara. Direbobin suka matso, suka fara gardama a tsakaninsu, wannan ya ce a sa iri ɗaya a duk ƙafafun baya, wancan ya ce ko da su sai an riƙe sarƙa a mota. Baba Sale ya sa na zana masa haruffan biyu a bayan takardar hujjojina, manya-manya, don ya kai wa mai taya a unguwar Aƙiƙ ya gwada da idonsa. Shi ne kawai amfanin da takardar ta yi.

Har na fara jin numfashina na dawowa, sai labulen ya motsa. Muryar tsohuwa ce, siririya, da Hausa tsantsa wadda ba Larabci a ciki. Mahaifiyar su Baba Sale ce. Ashe tun shigowata tana zaune a bayan labulen, ba abin da ya wuce ta.

"Sale, wane ne baƙon?"

"Ɗalibi ne, Inna. Daga Kano."

"To. Ɗan nan, ka ji ni?"

"Na'am, Inna."

"Ka bar wancan karatun, mun riga mun yi shi da hawaye. Wannan na hannunka ka karanta shi da kyau, kar ka tsallake layi. Biyu na haifa, ɗaya ya rage mini."

Na koma shafin farko na sake farawa. Ban taɓa yi wa wani littafi irin wannan karatun ba, har waɗanda aka yi mini jarrabawa a kansu.

Baba Sale ya je Amman ya dawo lafiya, shi da surukinsa, ya ci gaba da bin hanyar shekaru. Ni kuwa ban sake iya taka gidan ba har na gama karatu, duk da aiken da ya yi ta yi mini.

Yau fiye da shekara arba'in, furfura ta cika mini gemu, mutane na sallama a ƙofar gidana da tambayoyi. Almajiraina suna tsegumin wai Malam ya cika jan rai, ko hanyar kasuwa ka tambaye shi sai ya ce, "Tsaya tukuna, me kake nufi?" Ina ji, ba na tanka musu. Gara a ce Malam bai da saurin ganewa, da a sake cewa ya iya karatu a inda ba a tambaye shi ba.