Rigar Aro a Ofishin Barista Rumfa

Duk wanda ya ce babu mai tausayin na ƙasa a cikin lauyoyi, bai taɓa jin Barista Rumfa yana ba da labarin kansa ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar murya da ƙirji da tumbi, ya kuma haɗa masa da sanin darajar kowannensu. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa a wani taro, inda ya ce shi rumfa ne sha shirgi, kowa ya kwaso gajiyarsa ya zo ya sha inuwa. Jama'a suka tafa, suna ya bi shi, shi kuwa bai taɓa lura da murmushin da ake yi in an ambace shi ba.

Ofishinsa yana can ƙololuwar wani bene da ke fuskantar kotu. Littattafan shari'a sun cika bango tun daga ƙasa har silin, jajaye a dama, koraye a hagu, don su dace da labule. Ba a taɓa wahalar da ko ɗaya da buɗewa ba. Lauyoyin da ke aiki a ƙarƙashinsa kuwa sai da aka tace aka rairaye kafin a ɗauke su, kuma cikin ikon Allah duk faɗin ƙasar ba a samu waɗanda suka cancanta ba sai ɗansa, da ɗan wansa, da mijin 'yarsa, da ƙanin matarsa. In aka yi rasuwa a dangi, ofishin gaba ɗaya ake rufewa.

Abu ɗaya ne ya tsaye wa Barista a maƙoshi, wato rigar siliki. Ita ce rigar da ake ba manyan lauyoyi. Mai ita a bencin gaba yake zama a kotu, shari'arsa ake fara kira, kuma ƙananan lauyoyi kan miƙe in ya shigo. Barista ya nema ya sake nema, kullum sai sunaye su fito babu nasa, har da na yaran da ya girme wa nesa ba kusa ba. Abin yana ci masa rai ƙwarai. A ganinsa ba komai ya jawo ba sai hassada, don itace mai 'ya'ya ake jifa.

Sai ga shi bana kwamitin da ke ba da rigar ya fito da sabon sharaɗi. Za a zagaya ofishin kowane mai nema a ga ko yana jawo matasa iri-iri cikin aikin: mata, da masu naƙasa, da 'ya'yan talakawa, da waɗanda ba ƙabilarsa ba. Barista yana gama karanta sanarwar ya gano cewa ashe wannan ne burin rayuwarsa tun yana yaro. Kafin mako ya zagayo an buga ƙaton allo da hotonsa ya ware hannuwa, an kuma tara masa ɗaliban makarantar horar da lauyoyi a babban zaure.

“'Ya'yana,” in ji shi, bayan ya gyara murya har lasifika ta yi kuka, “ku dube ni da kyau. Ni ma daga ƙasa na taso. Mahaifina alƙali ne kawai, motarmu ɗaya ce tal a gidan, kuma direba ɗaya ke kai mu makaranta mu duka. Na san ciwon rashi. Shi ya sa na yi alkawari, muddin ina numfashi, ba za a ƙara cewa wannan sana'a ta 'ya'yan wane da wane ce ba. Ɗan kowa zai shigo, har ɗan wanda ba kowa ba.”

Ɗalibai suka tafa, domin kowannensu yana neman ofishin da zai karɓe shi koyon aiki, kuma mai neman wuri ba ya rowar tafi. Da yawa sun zo da takardun sakamakonsu, Barista ya ce a ajiye, shi idonsa ya ishe shi. Ya bi layi yana duba fuskoki yadda ake zaɓen kankana a kasuwa. Ya ɗauki wata ɗiyar tela, da wani saurayi mai tafiya da sanduna biyu, da wani dogo ɗan wata ƙabila da Barista ya kasa faɗin sunanta, ya taƙaita da kiransa “ɗan'uwanmu na can”. Aka yi hoto, ya dafa kafaɗar mai sanduna da ƙarfin da ya kusa kayar da shi.

Nan da nan horo ya kankama. Aka damƙa wa ɗiyar tela butar shayi, don Barista ya ce lauya mace sai ta san darajar baƙo kafin ta san darajar doka. Mai sanduna aka ba shi kujera daidai bakin ƙofa, inda duk mai shigowa zai fara cin karo da shi. Kullum sai ya hau benen nan yana haki, Barista kuma ya yaba, ya ce hawan bene ke koya wa lauya juriya. Dogon kuwa shi ne mai jaka. Yana biye da maigida daga mota zuwa kotu, daga kotu zuwa mota, har ya haddace ƙeyarsa.

Wata rana suka yi ta maza suka roƙa a ba su fayil ɗin shari'a ko guda su karanta. Barista ya dube su da tausayi.

“Gaggawa aikin Shaiɗan ce,” ya ce. “Ku da kuke shaƙar iskar da nake shaƙa, me ya fi wannan zama karatu? Akwai lauyoyin da suka tsufa ba su taɓa riƙe jakata ba.”

A nan yaran suka gane inuwar bagaruwa suka shiga, ga sanyi ga ƙaya. Suka haɗiye, tunda ba su da wata.

Ranar da 'yan kwamiti za su zo, Barista ya iso da sassafe ya tsaya tsakiyar ofis yana nazari. Ya dubi danginsa huɗu a kan teburansu, hanci iri ɗaya, goshi iri ɗaya, albarkacin auren zumunci, ko makaho ya shafa ya san gida ɗaya suka fito. Ya dubi ɗaliban, ya ga irin da ake nema ke nan, illa dai kowa ya gan su ya ga ɗalibai. Shi kuwa so yake a ga lauyoyi. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ta zuwa sai ga manyan ƙwaƙwale. Ya umarci dangi su tafi su sha iska har sai ya neme su, amma kowa ya bar baƙar rigarsa da hular gashinsa a rataye.

To, a wannan sana'a akwai abin da ko ɗan ajin farko ya sani. Wanda ba a rantsar da shi lauya ba, ba ya sa rigar nan da hular nan, ko da wasa, ko don hoto. Barista ya san haka sarai, shi da ya sha yi wa yara huɗuba a kai. Amma a ganinsa doka tana da ido, ta san wanda take kamawa.

“Yallaɓai,” in ji ɗiyar tela, tana riƙe da rigar mijin 'yar Barista kamar ta riƙe garwashi, “ai ba a rantsar da mu ba tukuna. In aka gan mu da ita za a iya hana mu rantsuwar gaba ɗaya.”

“Yarinya, ni ne na ce ki sa. Waye zai tambaye ki a cikin ofishina? Ki gode wa Allah, yau za ki ɗanɗana abin da tsararki suke mafarki.”

Suka sa. Rigar ƙanin matarsa ta tsaya wa dogon a gwiwar hannu. Hular ɗansa ta faɗo wa mai sanduna har gira. Aka zaunar da su a manyan tebura, aka buɗe wa kowa fayil a gabansa, karo na farko tun zuwansu. Barista ya ja baya ya ƙare musu kallo, idonsa ya ciko da ƙwalla saboda ganin girman alherinsa.

Shugabar masu zagayen wata tsohuwar alƙaliya ce da ta yi ritaya, 'yar ƙarama, mai tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa yadda dole kowa ya yi shiru ya ji ta. Barista ya tare ta tun daga matakala. Ya nuna mata littattafai, ya nuna mata hotunansa da manyan mutane, sannan ya buɗe ƙofar babban ɗaki da hannu biyu.

“Mai Shari'a, ga amsar tambayarku tun kafin ku yi ta. Mace, ga ta. Mai lalura, ga shi. Na nesa, ga shi. Wasu suna magana, ni aiki nake yi. Da hannuna na tsamo su daga inda ba wanda ke dubawa.”

Tsohuwa ta dubi hannun rigar dogon, ta dubi hular da ta rufe girar ɗayan. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Ta matsa gaban ɗiyar tela.

“'Yata, wace shekara aka rantsar da ke?”

“Ai wannan haziƙa ce,” in ji Barista da sauri, “tun ranar da na fara ganinta...”

“Ita na tambaya.”

Yarinyar ta miƙe. Tsoro ne fal a cikinta, don ta ga in ta yi ƙarya ta kashe kanta, in ta faɗi gaskiya ma ba ta san inda za ta kwana ba. Barista yana ta aika mata saƙo da gira.

“Sai baɗi, Mai Shari'a, in Allah ya yarda. Mu ukun ɗalibai ne. Yallaɓai ne ya ce mu sa.”

Mai hankali a nan zai sunkuyar da kai ya nemi afuwa. Amma ba a san Barista Rumfa da barin fili ba alhali da sauran masu sauraro.

“Daidai ne, Mai Shari'a, kuma ina alfahari. Wannan sabon salo ne na ƙarfafa gwiwa, ni na ƙirƙiro shi. Yaron talaka sai ya ji nauyin rigar a kafaɗarsa kafin ya yarda tasa ce. Ina ma shirin ba ƙungiyar lauyoyi shawara ta ɗauki tsarin, ba sai an biya ni ba.”

“To. Ina lauyoyin ofishin na gaskiya?”

“Suna manyan kotuna, kowa da shari'ar da ya sa a gaba.”

Ana wata ga wata. Ƙofa ta buɗe, ɗan Barista ya leƙo da jarida a hammata. “Baba, Kawu ya ce a tambaya, baƙin sun tafi mu dawo? Zafi ya dame mu a mota.”

Tsohuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yaran su tuɓe kayan mutane su ninke, ta tabbatar musu ba za a ɗora musu laifin da aka tilasta su ba, kuma za ta sama musu ofishin da ake buɗe littafi. Ta yi wa Barista sallama cikin ladabi. A matakala ta tsaya ta jira mai sanduna, suka sauka tare a hankali.

Maimakon takardar siliki, sammaci ya zo daga kwamitin ladabtarwa. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya yi shekaru yana titsiye shaidu, sai ga shi yana share gumi yana neman a ba shi ruwa. Ya yi musu jawabi mai tsawo a kan yadda duniya ke saka wa masu alheri, suka saurara har ƙarshe, sannan suka dakatar da shi daga sa riga da tsayawa gaban alƙali har wani lokaci. Rigar siliki kuwa aka ce kada ya ƙara tayar da maganarta.

Shari'o'insa suka koma hannun ɗansa, wanda tun da aka rantsar da shi bai taɓa buɗe baki a kotu ba sai don hamma. Ranar zaman farko Barista ya kasa zama a gida. Ya sa kwat ɗinsa mafi tsada, ya shiga kotu, ƙafarsa ta kai shi layin lauyoyi kamar yadda ta saba. Wani sabon ɗan sandan kotu ya tare shi.

“Baba, nan na masu riga ne. 'Yan kallo da ɗalibai can baya.”

Ya buɗe baki zai faɗi ko shi wane ne, sai aka buga ƙofa alamar alƙali zai shigo, kowa ya miƙe. Dole ya lallaɓa bencin baya, ya matsu tsakanin sababbin ɗalibai masu baƙaƙen kwat, waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya ciro takarda ya fara rubuta wa ɗansa abin da zai faɗa.

Wata ɗaliba da ke gefensa ta dubi furfurarsa, ta dubi yadda yake rubutu bilhaƙƙi, tausayi ya kama ta. Ta matso ta yi masa raɗa.

“Baba, wallahi ka burge ni, a waɗannan shekarun ka dawo karatu. Kada ka karaya. Yanzu an ce kowa ake ba dama, har irinku.”