Salular Zakari Sakatare Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, zuciyar Zakari ke nan, don sauran zukatan unguwa ba mu bincika ba, iyalan Zakari baduku, sakataren komitin ruwa na unguwarmu a Birni, suna sanar da rasuwar salularsa. Ta cika ranar Talata bayan azahar, a kan rufin kwano, tana da shekara uku da wata biyu. Gwaggonsa Hajara, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, ita aka ɗora wa wannan rubutu, aka kuma roƙe ta kada ta faɗi aibin mamaciya. Ba za a faɗi aibi ba. Hali kawai za a faɗa, mai karatu ya ware da kansa.

Marigayiya ta taso cikin ladabi. Shekara biyu ba ta magana sai an taɓa ta. Ɗaukaka ta zo mata bana, da damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, famfunan Birni suka koma tofar da iska, ruwa ya zama sai a mota. Motar kuwa ba ta da rana. Komiti ya aza takarda a zauren mai unguwa, ya rubuta a samanta: mai son a sanar da shi zuwan motar ruwa ya bar lambarsa. Gida ɗari uku da goma sha biyu suka bari. Abin da aka tambaye su ke nan, abin da suka amsa ke nan.

Sai Zakari ya kai ta wurin Mai Nasara, wani Bakano mai gyaran salula a kasuwa, shi kuma ya zuba mata dabarar aika saƙo da kanta, ta kuma ba da amsa da kanta. Mai Nasara ya ce masa, "Sakatare, wanda ya ba ka lambarsa ai ya ba ka kunnensa. Haka duniya take yi yanzu." Zakari ya dawo gida da wannan magana yana juya ta kamar shi ya haife ta. Gwaggonsa ta tambaye shi ko wanda ya ara masa tsani ya ba shi katanga ne. Ya ce, "Gwaggo, ku mutanen alli ne, wannan zamanin mega ne."

Daga nan kyawawan halayen marigayiya suka bayyana. Ba ta da girman kai: mai unguwa da mai tallar ƙosai saƙo ɗaya take aika musu. Ba ta da mantuwa: kowace safiya sai ta gaida gida ɗari uku da hoton fure mai walƙiya, wanda yake lashe megar mutum kafin ya buɗe. Ba ta da rowa: duk takalmin da Zakari ya ɗinka sai unguwa ta gan shi ta gaba da ta baya. Muryarta, ƙiling, ba za ta fita kunnenmu da wuri ba. A makon farko, duk ƙiling sai mata su zari bido, jarkar ɗibar ruwa, su yi waje, wata da kumfa a hannu, wata ta bar tuwo a wuta, su tarar da rairayi da rana. A dawo a duba, takalmi ne, lamba arba'in da biyu, akwai ja akwai ruwan ƙasa.

Haƙurinta kuwa ba a magana. Wanda ya rubuta mata "ku daina" da wanda ya zage ta amsa ɗaya suke samu: "Mun gode da saƙonku, ku ci gaba da kasancewa tare da mu." Maryam ta bayan masallaci ta rubuta cewa mai wannan lambar, mijinta, ya rasu tun watan jiya, don Allah a cire shi. Marigayiya ta gode mata, ta roƙe ta ta ci gaba da kasancewa tare da mu. Washegari ta aika wa mamacin fure.

Ciwon ajali ya kama ta a hankali. Mutane suka gano inda ake toshe lamba, suka koya wa juna a wurin biki da wurin niƙa. Zakari yana ganin saƙo yana fita, bai san ƙofofi sun rufe ba. Yakan ce shirun unguwa alamar gamsuwa ce.

Ranar Litinin motar ruwa ta zo. Marigayiya ta faɗi gaskiya a kan lokaci, wannan a rubuta mata. Mutum tara suka fito. Direba ya jira rabin awa a bakin ganuwa, ya ce ashe Birni ta ƙoshi, ya juya da ruwansa wata unguwa. Bintu mai wanki, wadda ta kwana huɗu tana auna wa 'ya'yanta ruwa da murfin buta, ba ta ji labari ba sai da ta ga sawun taya da ɗan danshi a ƙasa.

Ranar Talata Bintu ta zo gidan Zakari da mata goma sha biyu, kowace da bidonta fanko. Zakari ya jiyo gangar bido tun daga lungu, ya cilla marigayiya kan rufi don ya ceci ranta, ya fito yana gyara hula. Bintu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Zakari, ruwa muka ce ka faɗa mana. Wa ya tambaye ka fure?" Aka yi awa uku ana neman amsar. Da aka hau ɗauko marigayiya, rana ta gama aikinta: ciki ya kumbura, fuska ta yi baƙi, aka danna aka danna, ko ƙiling.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin zare, da riga ta fata ɗinkin maigidanta, da takalma goma sha bakwai da ba wanda ya taya, da Mai Nasara, wanda ya ce shi bai san da wata takardar ruwa ba.

Ba wanka, don ruwan da za a yi shi ya tafi wata unguwa. Za a sa ta cikin tsohon gwangwanin madara a ɗakin Zakari ranar Alhamis da hantsi. Ba zaman makoki, don mai makokin ba zai samu zama ba. Komiti ya yanke cewa Zakari ya bi gidajen nan da ƙafarsa, ya yi sallama a kowace ƙofa, ya tsaya sai an amsa. Ya tambaya da bakinsa ko a sa lambar gidan, don motar ruwa kaɗai, kuma ranar da mutum ya ce a cire shi, a cire. In Juma'a ta zagayo bai tara gida ɗari ba, sakatarci ya koma hannun Maryam. Masu son yi masa ta'aziyya su tare shi a hanya.

Jiya ya fara da ƙofar Bintu. Ya yi sallama uku. Ta amsa ta huɗu daga cikin ɗaki, ta ce ya dawo gobe, tana shawara.