Janar da Masu Cin Waakye a Ɗakin Ajiyata

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na durƙusa gaban dattawan unguwarmu ta Maamobi ina roƙon gafara a wurin abin da ban gani ba. Abu uku na sa a hatsari a ranar: ɗakin da nake ajiye kayan gyaran mota, shagon da mai gidan hayata ya yi alkawarin tsaya mini in samu a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, da kuma sunana, wanda a lokacin shi ne jarin da ya fi kauri a hannuna.

A cikin shekarun tamanin ne. Ni gwauro ne, ina sayen tsofaffin kayan mota ina sayarwa, kuma kasuwa ta fara buɗe mini. Ɗakin ajiyar yana bayan gidan Alhaji Issaka, mai gidan hayar tawa, ƙofarsa na kallon lungu, bayansa kuma ya jingina da babban kwalbati. Ɓarayi sun taɓa ɓalle kwaɗon sun kwashe mini kafireto da sitata, don haka da wani makanike ɗan ƙabilar Ga ya ce karyarsa ta haihu, sai na karɓi kwikwiyo ɗaya. Na sa masa suna Janar (zamanin sojoji ne, kowa na son ya ga yana da nasa).

Matsalar ita ce Alhaji Issaka ba ya shiri da kare ko kaɗan. Ya sha faɗa mana cewa gidan da ke da kare mala'iku ba sa shiga, kuma shi bai gina gidansa don ya kore su ba. Sai na yi irin lissafin da nake alfahari da shi: in ɓoye Janar a ɗakin har ya girma ya kama ɓarawo, sannan in ga wanda zai ce a fitar da shi. Don kada a ji kukansa, na riƙa barin rediyo a kunne in kulle ƙofa.

Janar dai ci ne aikinsa. In na ajiye masa kwano sai ya faɗa ciki da ƙafafuwan gaba, ya shanye, ya lashe, ya ɗago kai yana kallona kamar ban ba shi komai ba. Cikinsa ya yi tulu, har tafiya yake a karkace, amma yana kuka. Ni kuwa ban taɓa kiwon ko kaza ba. Na ɗauka duk kukan kare yunwa ce, kuma kuka shi ne abin da zai tona ni. Ya yi kuka in ƙara, ya yi amai a bayan tayoyi in ce bai ƙoshi ba ne. Daga ƙunshin waakye ɗaya, wato shinkafa da wake, muka koma ƙaramin baho, in cika shi da safe in tafi kasuwa.

Sai abubuwa suka fara canzawa.

Bahon da nake cikawa, wanda ƙato ma ba zai cinye ba, kullum in na dawo sai in tarar da shi fes, yana ƙyalli. Janar kuwa ya fara rama. Haƙarƙarinsa suka fito. Ya daina rugawa wurin abinci, sai ya lafe a jikin ƙafata yana karkarwa, idonsa a kafe kan kusurwar da na jibge tsofaffin tayoyi. In na duba wurin, duhu ne kawai da warin baƙin mai. Wata rana da rana tsaka na kulle ƙofa, na tsaya ina neman abu a aljihu, sai na ji ana tauna a ciki. Ba taunar kwikwiyo ba ce mai gaggawa. A hankali ake yi, da natsuwa, kamar baƙi sun zauna walima. Rediyo na ta surutu, Janar ya yi tsit.

Washegari na ɗaga bahon na kai bakin ƙofa inda haske yake. A jikin maiƙon da ya rage akwai shaidar yatsu. Ƙananan hannaye, sirara, kamar na jariri.

Ni mutum ne da ba ya sayen injin sai ya ji ƙararsa, amma ranar ban nemi ganin komai ba. Na yanke cewa makaniken nan ya haɗo ni da wani abu, kuma abin yana zaune a bayan tayoyi. Ban iya gaya wa kowa ba, don in na ce aljani, za a tambaye ni me ya kai abinci ɗakin ƙarfe. Sai na yi abin da ɗan kasuwa ke yi da wanda ya fi ƙarfinsa, wato na nemi sulhu. Na fara sa ƙwai a kan waakyen. Na ƙara nama. Har sallama nake yi kafin in shiga (ɗakina, da kuɗina nake haya).

Hajiya Memuna mai waakye ce ta fara tsokanata.

"Massa, kai kaɗai ne a duniya, ko mata ba ka da ita. Wannan baho wa ke ci?"

"Baƙi nake yi, Hajiya."

"Baƙi masu kwana cikin ƙarfe? To ka gaishe su. Ka ce ni ma ina son kasuwa ta buɗe mini."

Matan da ke layi suka yi dariya, amma ba dariya mai daɗi ba. Kafin sati ya zagayo labari ya kai har Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da mu: yaron nan mai kayan mota yana da sika duro, tsafin kuɗi, yana ciyar da abin a ɗaki kulle, kuma in ka wuce ta lungun za ka ji suna hira. Yara suka daina bin lungun. A masallaci wanda ke gefena ya riƙa barin ɗan fili tsakaninmu.

Ranar Alhamis Alhaji Issaka ya kira ni.

"Ɗana, ban yarda da zancen mutane ba," in ji shi. "Amma ba zan kai sunana Abossey Okai in tsaya wa wanda ake nunawa da baki ba. Gobe bayan masallaci za ka buɗe ɗakin. Malam Seidu zai zo ya yi karatu. In babu komai, shi ke nan."

"Babu komai, Baba Alhaji," na ce, alhali ni kaina na san akwai abu har biyu.

Dabarata mai sauƙi ce. Ana sallame sallah in riga kowa zuwa, in ɗauke Janar in kai shi wani wuri. Na iso, na cika wa mazauna bayan tayoyin bahonsu don kada su fusata da baƙi, na sunkuya na ɗauki kwikwiyon. Sai na ji tafiyar takalma a lungu. Ban yi wata-wata ba na cusa Janar cikin babbar rigata, na tallafe shi da hannu ɗaya kamar mai ciwon ciki.

Alhaji ya shigo, Malam Seidu na biye da shi riƙe da kasko mai garwashi, dattawa biyu a baya, jama'ar lungu kuma sun cika ƙofa, Hajiya Memuna a sahun gaba. Kowa ya kalli bahon da ke cike da waakye, da ƙwai, da nama. Alhaji ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Malam ya zuba turare ya fara karatu. Hayaƙi ya tashi, ya bi ƙasa ya shige cikin tayoyi. Ɗakin ya yi shiru in ban da muryarsa. Janar na karkarwa a ƙirjina, ni ma ina taya shi.

Sai aka ji ƙarar karce. Taya ta sama ta motsa. Ta sake motsawa, ta gangaro ƙasa da kanta ta zo ta faɗi a gaban Malam. A cikin duhun da ta bari, idanu suka bayyana, jajaye, ƙasa-ƙasa, ba biyu ba kuma ba huɗu ba.

Malam ya ɗaga murya. Ni kuwa sai na durƙusa, na ji bakina yana cewa da ƙarfi:

"Ku yi haƙuri! Ba ni na kira su ba! Wallahi zan ƙara nama!"

Sai ga su sun fito. Gafiyoyi ne, manya-manya, sun yi ƙiba har sheƙi suke, hayaƙi ya koro su. Ɗaya ta bi ta kan ƙafar Alhaji, sauran suka nufi wani rami a gindin bango da ke ɓullewa kwalbati, ta ƙarshe sai da ta yi ta mutsu-mutsu kafin cikinta ya wuce. Garin ɗaga hannu ina roƙo na saki abin da nake riƙe. Janar ya sulalo daga ƙasan rigata, ya duba hagu ya duba dama, ya ga masu ƙwace masa abinci sun tafi, ya faɗa cikin bahon da ƙafafuwan gaba.

Hajiya Memuna ce ta fara magana.

"Ikon Allah. Ya haihu."

Dariyar da aka yi a lungun nan har yau ina jin ta. Alhaji bai yi dariya ba. Ya dubi karen, ya dube ni a durƙushe.

"Ɗana, da can an ce kai boka ne. Yanzu na ga ba boka ba ne, alhamdu lillahi. Amma mutumin da ke saya wa gafiya ƙwai, ban san yadda zan ce a ba shi shago ba."

Ɗakin dai ya karɓe kafin wata ya ƙare. Shagon sai bayan shekara na samu, ta hannun wani. Suna kuma na samu sabo, domin har na yi furfura akwai tsofaffi a Maamobi da ke kirana Alhaji Zan-Ƙara-Nama. Ribar da na fita da ita Janar ne. Na kai shi wurin likitan dabbobi aka ba shi maganin tsutsa, na koma auna masa abinci kaɗan-kaɗan safe, rana da yamma, in tsaya har ya gama in ɗauke kwanon, ya yi kukansa ya gaji. Ya zama kare na gaske, ya tsare mini shago har ya tsufa.

Tun daga nan, kare ne ko ɗan'uwa ko abokin ciniki, ba na ƙara wa kowa don ya yi kuka, kuma ba na ajiye kwano in juya baya sai na ga bakin da ke ci.