Jajayen Safa Masu Ƙararrawa Sun Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu na rasa kan wanda zan sauke shi, ni Kotone ta gidan Tsushima nake sanar da 'yan uwa, abokan karatu, da duk masu bin hotunan ƙafafuna a waya, rasuwar jajayen safana guda biyu, Ta Dama da Ta Hagu. Sun rasu tare kamar yadda suka rayu tare, a wani masauki da ke tsibirin Tanegashima, bayan gajeriyar jinya a cikin ruwan zafi.

An haifi marigayan a garin Hirosaki, a kan cinyar kakata, Kaka Kinu, a lokacin sanyin da nake shirin tafiya jami'a. Da jan ulu ta saƙa su. Ta Hagu ta ɗan ɗara 'yar uwarta tsawo, domin Kaka ta shagala da kallon talabijin tana saƙa, kuma ta ƙi warwarewa. A idon sawun kowacce ta ɗinka 'yar ƙararrawa, irin wadda take ɗaura mini ina rarrafe don ta san lungun da na shige.

Na ce, "Kaka, ni fa injiniya zan zama, ba kyanwa ba."

Ta ce, "Injiniyar ma ɓata take yi. Sa ki ba ni wuri."

Kaka ba ta taɓa hawa jirgin sama ba. Amma duk ranar da za a harba kumbo, sai ta ja matashi gaban talabijin, tana feren tuffa tana yi wa rokar faɗa ta yi sauri. Da zan tafi ta ce, tunda ƙafafunta sun ƙi, in kai waɗannan su gano mata.

Marigayan sun riƙe wannan amana har ƙarshen rayuwarsu. Masu haƙuri ne, ba su taɓa zamewa cikin takalmi ba, ba su taɓa kunyata ni da huji a ƙofar gidan mutane ba. Ba su da yawan magana. Abin da suka sani kawai shi ne kiling-kiling idan ina sauri, da kil guda ɗaya idan na tsaya. Sun sha sa ƙofar bincike ta filin jirgi kuka, sun sha tsayawa a gaban jami'ai ba tare da sun ƙullaci kowa ba. A cikin jirgi kuwa, da zarar an ba da izinin kwance ɗamara, nakan cire takalmi in ɗaga su jikin taga, gajimare a bayansu, in ɗauki hoto kafin ma'aikaciyar jirgi ta iso ta rusuna ta ce, "Baƙuwarmu, a yi haƙuri, a taimaka a sauke ƙafa." Sun tsaya kusa da ƙaton takalmin 'yan sama jannati a cibiyar binciken sararin samaniya ta Tsukuba, kamar 'ya'yan kaza a gindin doki. Sun kwanta a ƙarƙashin tsohuwar roka. Sun shiga ɗakin kallon taurari, inda hoton bai nuna komai ba sai duhu, amma Kaka ta rantse ta gan su.

Abokaina sun yi mini tsiya iya son ransu. Chisato, wadda muka zauna ɗaki ɗaya, takan ce, "Mutane na ɗaukar fuska, ke kina ɗaukar kofato." Ban taɓa yi mata bayani ba. Yau zan yi.

Tun da mantuwa ta kama Kaka aka kai ta gidan kula da tsofaffi, fuskoki suka riƙa zame mata ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata, 'yar cikinta, ta koma "malamar jinya". Yayana Ryohei ya koma "mai gyaran wuta". Ni ma fuskata ta tafi. Amma idan na cire takalmi a ƙofa na bi dogon barandan nan, kiling-kiling, tun kafin in buɗe ɗaki sai in ji muryarta: "Kotone ce! Ina kika kai mini su wannan karon?" Sai ta dubi ƙafafuna, ta taɓa saƙar hannunta, in zauna in nuna mata hotuna. A duk duniya, ni kaɗai na rage mata da suna, kuma marigayan ne suke riƙe mini da shi. Da masu gidan suka ce ƙararrawa na damun sauran tsofaffi, sai da na tsaya a ofishinsu ina ɗaga murya har suka gaji suka ƙyale ni. Na iya faɗa. A rubuta wannan, domin abin da ke tafe.

Ciwon ajali ya same su a ranar da suka fi kowace rana ɗaukaka, ranar da na kai su kallon harba roka a Tanegashima. An kwana ana ruwa, fili ya zama taɓo, jama'a sun cika tudun kallo. Da wuta ta tashi a gindin rokar, na kwanta a kan rigar ruwata, na yar da takalmi, na ɗaga su sama. Rokar ta bi ta tsakanin Ta Dama da Ta Hagu daidai. Ƙasa ta girgiza har ƙararrawar suka yi kuka da kansu. Murna ta sa na miƙe tsaye ina ihu, na manta ba takalmi a ƙafata.

A ƙofar masauki, tsohuwar mai gidan ta dubi lakar da ke jikin safana, ta dubi tabarmarta. Ta ce, "'Yata, kawo su nan, ki je ki yi wanka." Da safe ta miƙo mini su da hannu biyu, a naɗe cikin farar takarda, har da ɗaurin zare. Ta ce, "Na ɗan wanke miki, ba wani abin kirki ba ne." Ta duƙa fiye da yadda wankin safa ya cancanta.

A nan ne nake so jama'a su saurare ni da kyau. Matar nan ta sani. Ta ciro su daga injin busar da kaya ta ga abin da ya faru, kuma maimakon ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, sai ta nemo takarda mai kyau. Da an faɗa da wuri, da wataƙila an jiƙa su an ja, an ceto ko da rabinsu. Ba a faɗa ba. Mu ne mutanen da ke harba ƙarfe mai tsawon bene zuwa sama ba kuskure, amma a ce "na ɓata miki kaya" sai harshe ya ƙage. Mun mayar da shiru ladabi. Muna naɗe ɓarna a takarda mu miƙa da hannu biyu, wanda aka miƙa wa ya karɓa da hannu biyu, kowa ya tafi da mutuncinsa, abin kuwa ya mutu. Shekara da shekaru ina faɗar haka a taron ɗalibai da wurin aiki har an sa mini suna Sarkin Ƙorafi. To, Sarkin Ƙorafi ta ji ƙunshin ya yi ƙanƙanta a tafin hannunta. Ta ji sarai. Amma ba a buɗe ƙunshi a gaban wanda ya bayar, don haka ta rusuna, ta yi godiya, ta ce badi ma a nan za ta sauka.

Sai da jirgin komawa gida ya ratsa gajimare na cire takalmi na kwance zaren. Sun ƙanƙance kamar na jariri, sun daskare kamar hular sanyi, ko babban yatsana da ƙyar ya shiga. Dattijon da ke kusa da ni ya leƙo ya washe baki ya ce, "Kai, barka! Mace ce ko namiji?"

Iyali sun yi ta'aziyya irin tasu. Yaya Ryohei ya ce, "Safa ce fa, Koto. Ba yadda za a yi." Mama ta ce kada in kuskura in kira matar, zan sa ta jin kunya. Ta zauna ta saƙa mini wasu jajaye, na sayo ƙararrawa a kanti na ɗinka. Na sa su na bi barandan gidan tsofaffin, ba wanda ya kira sunana. Kaka ta shafa su da yatsa ta ce, "Wannan ba hannuna ba ne. Sannu, 'yan mata, wa kike nema?"

Da dabara ta ƙare mini, sai na ɗora mata gawarwakin a tafin hannu. Ta girgiza su. Kiling-kiling. Fuskarta ta yi haske, na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni take kallo ba. Ƙarƙashin gado take leƙe.

Ta ce, "Kotone ta sake tuɓe safa. Yarinyar nan za ta kashe ni! 'Yan mata, taimaka ki duba mini waje, ƙanƙara ake yi, kada ta fita ƙafa ba komai."

Na fita na tsaya a baranda. Na karanci ƙarfe da zafi da yadda abu ke miƙewa da tsukewa, ban sami komai a ciki da zan koma ɗakin da shi ba. Da na dawo na ce an sami yarinyar, ta yi barci.

Ta ce, "Yawwa. Ke 'yar kirki ce. 'Yar gidan waye?"

Marigayan sun rasu sun bar fararen takalma biyu, abokan tafiyarsu, da waya cike da hotuna, har da na ƙarshe wanda Kaka, mai shi, ba ta gane ba. Sun bar kwarashin saƙa da Kaka take ɗauka tsinken cin abinci ne. Sun bar ƙafafu biyu marayu.

Game da jana'iza: an so a kai su haikalin unguwarmu, inda ake yi wa tsofaffin kaya godiya a ƙone su, kuma malamin haikalin ya amince. Sai dai gawar tana hannun Kaka, da ita take kwana, ba kuma wanda zai karɓe ta. Saboda haka an ɗage jana'iza zuwa ranar da ba na so ta zo, inda za a sa su a akwatin gawarta su tafi tare. An sanar da ni cewa ƙarfe ba ya shiga wurin ƙona gawa, sai an cire ƙararrawar tukuna. Wannan dokar ba zan yi faɗa da ita ba. Su ne gadona.

Masu zuwa gaisuwa kada su kawo komai a naɗe. Duk wanda ya ce mini ba yadda za a yi, ya san hanyar da ya shigo. Ana zaman makoki kowace Lahadi da rana a ɗakin Kaka Kinu. Idan kun isa kada ku ambaci sunana, za ku sa ta tashi nema. Ku ce kun zo wurin 'yar kirkin nan mai taya ta duba yarinya.