Kufan da Na Nuna wa Nabila

Ba na jin zan taɓa mantawa da wannan "ƙwal!" ɗin. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ƙwarya ta faɗo daga ƙusa ta bugi siminti. Tsohuwar ƙwaryar tatsa ce, ta yi baƙi, ga ɗinki a gefe guda. Inna ce ta sa min ita a kayan aure, ta ce ta kakarta ce. Shekara da shekaru tana rataye a ɗakina a Gwarzo ba ta taɓa motsi ba, sai ranar da nake da baƙi (har yau ƙadangare nake zargi).

Baƙin kuwa Anti Rukayya ce, matar yayana Bello, Allah ya jiƙansa, da 'yarsu Nabila. A Masar suke zaune, can uwar take aikin asibiti, kuma tun rasuwar Yaya ba su zo gida ba sai wannan karon. Nabila ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Hausarta tana ɗan tuntuɓe, amma idanun na ubanta ne sak. In ta ɗago ta kalle ni, sai in ji zan iya ba ta duk abin da ke gidan har da ƙyaure.

Ita ta ɗauko ƙwaryar. "Goggo, wannan ta waye?"

Na ce, "Ta kakar kakarki ce. Daga tsohon mazauninmu ta fito."

"Tsohon mazauni? Yana nan? Ana zuwa gani?"

Kafin in ba ta amsa ta ruga ta ɗauko wayar uwarta, ta hau nuna min hotuna. Wai lokacin hutu suka yi shatar mota, da wani mutum mai sana'ar zagayawa da baƙi, ya ɗauke su su biyu rak tun safe har yamma. Ya kai su wani rusasshen gari na dutse, ginshiƙai tsaye cirko-cirko ba rufi, yana gaba riƙe da lema yana bayani. Daga nan suka bi garuruwan bakin teku suka ci kifi. Ina ta "Ikon Allah, ikon Allah," sai ta ajiye wayar ta ce a hankali, "Na ga na Rumawa, na ga na Fir'auna. Amma ban taɓa ganin na su Abbana ba."

Don Allah ku gaya min, wace goggo ce za ta ji wannan ta ci gaba da tankaɗe? Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ai mu ma muna da kufai, muna da bakin ruwa. Gobe ni da kaina zan kai ki" ba.

Bari in faɗa muku iya abin da na sani game da wurin. Ina ƙarama, Baba ya taɓa goya ni a keke zuwa wata gaisuwa wajen Dugabau. A hanya ya tsaya gindin wata kuka, ya miƙa hannu ya ce, "Kin ga can? Nan kakanninku suka zauna." Na duba na hango wani guntun bango. Shi ke nan. Kuka da bango. Da wannan ilimin na ɗauki alkawari.

Maigidan ya ce, "Kin tabbata kin san wurin nan? Ki kira Inna mana." Na kira ta can ƙauyen Jama'a, mai shagon caji ne ya ɗauka, ya ce wayar tana layin caji. Na ce ba komai, ai dama gobe da yamma can za mu yada zango, sai in ba ta labari ta yi mamaki. (Ta kuwa yi.)

Da safe na yi dambu na cika kula, na haɗa zoɓo, na zura hijabina mai kyau. Har lema na ɗauka, alhali ba hadari, don kawai na ga mutumin hoton yana riƙe da ita. Nabila ta rungumo ƙwaryar, ta ce a tafi da ita ta ga gida. Maigidan ya samo mana motar Malam Iro, dattijo mai haƙuri.

"Hajiya, ina muka nufa?"

"Wajen Dugabau. Akwai wata kuka."

Ya kalle ni ta madubi. "Hajiya, daga nan har Kabo wace gona ce ba kuka?"

Na yi dariyar manya na ce in na gan ta zan gane ta. To, matsalar ita ce duk wadda na gani sai in gane ta. Kaka ta kusa, dawa ta rufe ko'ina, hanyoyin duk kamarsu ɗaya. In ce a yi dama, mu tarar da rafi. In ce a koma, mu ɓulla a bayan wata makaranta. Makarantar nan mun wuce ta har ɗalibai suka fara ɗaga mana hannu. Muka tambayi wani mai babur ina kufan Fulani, ya nuna gabas, ya yi tunani, ya nuna yamma, sannan ya tambaye mu ko biki ake yi. Nabila tana ta "Goggo, mun kusa?" ina ta "Mun kusa." A zuciyata kuwa ba addu'ar da ban karanta ba, har da ta shiga kasuwa.

Can wajen azahar, bayan wata kwana, sai ga ta. Kuka ƙatuwa, a gefenta rusasshen gini na ƙasa, bango uku a tsaye, ciyawa ta cinye ciki. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Ban yi ƙarya ba, ni a raina nan ne. (Ban tsaya na tambayi kaina yadda guntun bango ɗaya ya haifi uku ba.)

Na buɗe lema na shiga gaba. Anti Rukayya ta kunna bidiyo.

Ban taɓa sanin ina da baki haka ba. Na nuna wani bango da hayaƙi ya yi wa baƙi ƙirin, na ce nan ake hura wutar karatu da asuba. Na nuna wani ɗan rami a jikin bango, na ce nan kakanmu yake ajiye Alƙur'aninsa. Akwai turke a kafe, na ce na dokinsa ne. Nabila ta ce, "Wane launi ne dokin?" Na ce fari. Daga ina na samo farin doki? Allah kaɗai ya sani. Abin da na lura shi ne duk bayanin da na yi sai in ji ni ma na yarda, har muryata ta fara rawa.

Malam Iro ya ɗan tsuguna ya ɗago wani abu da tsinke, ya ce, "Hajiya, mutanen da ma suna amfani da ledar magi?" Na ce iska ce ta kawo.

Daga nan na ce mu yi wa magabata addu'a. Muka jeru muka ɗaga hannu, har Malam Iro ya cire takalmi. Nabila tana hawaye, ni ina hawaye, uwarta tana hawaye. Yarinyar nan ta ciro hankici ta ɗebi ƙasar gindin baƙin bangon, ta ƙulle, ta ce za ta ajiye kusa da hoton Abbanta.

Muna shafawa muka ji an ce, "Salamu alaikum. Lafiya? Wa ya rasu?"

Wata mata ce, janye da awaki biyu. Na gyara lema zan yi mata bayani, sai ta ƙura min ido.

"Monita? Ke ce?"

Duk wanda ya kira ni da wannan sunan, tare muka yi sakandare. Talatu ce, wadda take zama a bayana, wadda nake raɗa wa amsa a darasin Tarihi. Muka gaisa, ya gida, ya yara, ya bayan rabuwa, ta gaida baƙi, aka tambayi gajiya. Duk tsawon gaisuwar idonta yana kan jiƙaƙƙun fuskokinmu.

Na ce, "Yarinya na kawo ta ga kufan kakanninmu."

"Ina?"

"Nan."

Ta waiga bayanta, ta duba ko akwai wani wuri. Sannan ta saki igiyar awakin ta dafa gwiwa.

"Monita, madafina ne fa! Nan nake suyar ƙosai. Da damina waccan ya zube, muka koma bakin titi. Maigidana ne ya gina da hannunsa, ina goyon Auwalu."

Anti Rukayya ta ce, "Ramin Alƙur'anin fa?"

"Wane Alƙur'ani? Nan kazata take ƙwai."

Ba wanda ya tambayi turken. Talatu da kanta ta ja awakin ta ɗaure a jiki.

Na tsaya da lema a buɗe, na rasa ko in rufe ta ko in shige cikinta. Kaina ya ɗaure tamau. Ina kallon kukar, ina rantsuwa a raina ita ce, ina kallon Talatu, ita ma ga ta da awakinta. Har cewa na yi, "Ko dai a kan tsohon ginin kuka yi naku?" Ta ce, "Gonar gyaɗa ce, Monita. Ke da kike cinye Tarihi!"

Sai Nabila ta ɗago hankicinta. "Goggo, to wannan ƙasar ta waye?"

Talatu, Allah ya shirye ta, ta ce, "Toka ce, 'yar nan. Da ɗan kashin kaji."

A mota na gano sauran. Ashe tun muna addu'a Anti Rukayya ta tura bidiyon guruf ɗin dangi. Saƙonni sai shigowa suke: "Allahu akbar," "Allah ya jiƙan magabata." Wani kawunmu na Kano har ya turo murya yana cewa ya tuna wurin sarai, ya ma tuna dokin.

Bakin ruwan dai na cika alkawari, don dam ba ya ɓuya. Muka zauna aka soyo mana karfasa, masunta suna ta harkarsu. Anti Rukayya tana danne dariya tana cewa, "Goggonsu, ci mana, ai kin yi ƙoƙari." Na kasa. Ba dariyar dangi ce ta dame ni ba. Nabila ce. Ta zauna can gefe da ƙwarya a cinya, ta kwance hankicin ta zazzage. Abu ɗaya marainiyar nan ta roƙa a duk zuwanta, ni kuma na sa ta yi wa madafin ƙosai kuka.

Bayan la'asar muka isa Jama'a. Ban ko gama gaida Inna ba na zayyane mata komai, don gara ta ji daga bakina. Ta yi dariya har da tari, sai da aka kawo mata ruwa.

"Gini? Mu? Ke 'yar nan, kakanninki a bukkar kara suke kwana. Ciyawa ta ƙare, su ɗora kaya a kan takarkari su yi gaba. Wa ya zauna balle ya yi bango?"

"To, Inna, abin da Baba ya nuna min fa?"

"Gona ya nuna miki! Nan shanunmu suka fi daɗewa, taki ya taru. Har gobe dawar wurin ta fi ta maƙwabta tsayi. Shi yana nuna miki dawa, ke kina kallon bangon mutane."

Ta jawo Nabila jikinta, sai ta ga ƙwaryar. Dariyar ta tsaya. Ta karɓa ta juya ta, ta ɗora yatsa a kan ɗinkin.

"Kin ga nan? Ubanki ne ya fasa ta. Yana kamar ke, ya saci nono zai sha a bayan rumbu, ɗan maraƙi ya tunkuyi shi. Ya zo min da ita gida biyu, yana kuka yana cewa ita ta fashe da kanta. Ni na ɗinke ta."

Nabila ta bi ɗinkin da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta sake bi. Ta ce a maimaita mata labarin. Inna ta maimaita, ta ƙara da wasu da ni kaina ban taɓa ji ba. Ina zaune a bakin tabarma ina tunanin man da muka ƙona da rana da muka sha, alhali abin da muke nema yana kan cinyar yarinyar tun daga Gwarzo.

Tun ranar na koyi cewa "ban sani ba, bari a tambayi Inna." Ba ta da nauyi a baki, kuma ba a buƙatar lema. Dangi dai ba su yafe ba: har yau in na shiga taron suna sai wani ya tambaye ni lafiyar farin doki.

A ranar dai, da za mu shiga sallar magariba ina alwala, Nabila ta zo ta tsuguna kusa da ni. Na fara ba ta haƙuri, ta girgiza kai.

"Goggo, ba komai. Addu'ar ai ta san hanya, ta je wurinsu. Amma gobe Inna ta ce za ta kai ni gonar. Ke ki zauna a baya ki riƙe kula."