Sarkin Gwaji a Sashen Gaggawa

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta, da wata ranar kasuwar Talata Mafara da jiri ya kayar da ni a layin masu tumatir.

Kafin mu kai can, ya kamata ka san matsayina a lokacin. Malamin makaranta ne ni a Bakura, amma ba da koyarwa na yi suna ba, da maganar gwajin jini ne. Duk ɗaurin auren da na halarta sai na gyara murya na tambayi waliyyai ko an yi wa yaran gwajin ƙanjamau (wani lokacin bayan an riga an shafa fatiha, ka ji amfanin tambaya). A majalisarmu har suna aka sa mini, Sarkin Gwaji, ina kuma amsawa da fara'a. Abin da ba wanda ya taɓa tambaya shi ne ko Sarkin ya taɓa miƙa nasa yatsan. Bai taɓa ba.

To, a shekarar nan na daɗe ina tari, na rame har wando ya fara zame mini, ina ta ɗora wa aikin gona laifi. Da na faɗi a kasuwa, ban farfaɗo ba sai a sashen gaggawa na wani asibiti, daga ni sai singileti da wando, ga ƙarin ruwa an ɗaura mini. Wata nas dattijuwa ta ja labule, ta zauna kusa da ni, ta sassauta murya.

"Malam, ba kowa muke yi wa gwajin ƙanjamau a nan ba. Amma wanda ya zo da dogon tari da rama irin taka, mukan nemi izininshi. In ba ka so, ba dole. In ma an samu, akwai magani, kuma maganar tsakaninmu ce da kai."

Duk bayanin nan mai kyau, kalmomi biyu kawai kunnena ya riƙe: "ba kowa ba" da "irin taka". Amma sai na yi dariyar manya na ce, "Haba Hajiya, ai ni ne mai wa'azin abin. A yi mana." Ta tsaga yatsa, ta ɗiga jini, ta ce yanzun nan sakamako zai fito, ta fita.

Fitarta ke da wuya na fara tuna tarihina. Ƙahon da wani wanzami ya yi mini a kasuwar Maradun. Mai yankan farce na bakin tasha, da almakashinsa ɗaya tilo. Na tuna matata da yara. Sannan na tuna majalisa (Allah ya yafe mini, wannan ce ta fi tayar mini da hankali).

Ban san lokacin da na sauko daga gado ba. Na zare ledar ruwan daga ƙarfenta, na ɗaga ta sama da kaina don kada jini ya biyo roba, na bi ta ƙofar baya ba ko takalmi. Jinin da nake gudu kuwa yana can a kan tebur, ana aikinsa. A bakin asibiti na ga ɗan kabu-kabu yana shirin tsayawa, na haye bayansa na ce, "Bakura, maza."

Ya kashe mashin, ya waiwayo. Sahabi ne, mijin ƙanwata, mutumin da na hana a ɗaura masa aure sai da ya yi gwaji, na ce ban yarda da na farko ba, ya sake wani. Labarin faɗuwata ya ji ya taho dubiya.

"Yaya Malam, ina wuni? Ya jiki? Ya iyali? Ya muka ji da zahi?"

Haka na yi ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, hannu a sama da ledar ruwa, masu sayar da lemo da ayaba suna kallo. Da ya gama sai ya ce, "To ina za mu tahi da wanga kaya?"

Na ce iska na fito sha.

Sai ga nas ta iso. Baiwar Allah ba ta tona ni ba, cewa kawai ta yi, "Malam, ruwanka bai ƙare ba, mu koma ciki." Ni ne da bakina, a gaban jama'a, na ce, "Hajiya, faɗa mini nan, an samu ƙanjamau ɗin ko?"

Sahabi ya kafe mashin, ya karɓi ledar daga hannuna cikin ladabi, ya ce, "Au, gwajin ne? Yaya, kwantar da hankalinka. Kai kac ce mini wanda bai da laihi ba ya tsoron allura." Shi ya raka ni har gado yana riƙe da ruwan.

Ba a samu komai ba. Tarin tibi ne ke cina, na sha maganinsa na watanni na warke. Sahabi ya yi mini alkawarin ba wanda zai ji, kuma ya cika: matarsa kaɗai ya gaya wa. Kafin a sallame ni labari ya riga ni isa Bakura.

Har yau ina maganar gwaji, sai dai na daina yin ta a tsakiyar taro. In ango ya ce mini yana jin tsoro, ba na yi masa lacca, raka shi nake yi. Kuma a bakin ƙofar baya nake zama, don na san ta inda ake gudu.