Ranar da Motar Pakcik Ta Yi Hausa

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da mota ta zage ni da Hausa a tsakiyar Kuala Lumpur ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Matata Hajara kuwa, ko cin abinci take yi ta tuna, sai ta ajiye cokali ta yi dariyarta ta ƙoshi.

Bari in fara da sunan da ya ja mini. Ni dai karatun digiri na uku ne ya kai ni Malesiya, a fannin kula da ɗakin karatu. Littafi na sani, da kanta, da yadda ake jera su. To wata rana a wajen walimar suna ta 'yan Najeriya a unguwar Setapak, tukunyar lantarkin dafa shinkafa ta ƙi kamawa. Na kwance fulogin na canza fis, ta kama. Nan take wani ya ce, "Kai, Injiniya!" Shi ke nan suna ya bi ni. Kun san mu da laƙabi: wanda ya taɓa miƙa wa wani maganin ciwon kai Dakta ne, wanda ya raka maƙwabci kotu Barista. Ni ma ban musa ba. (Gaskiya daɗi sunan yake mini. Har tafiyata sai da ta canza.)

Muna haya a Kampung Baru, a sashen baya na gidan wani dattijo ɗan ƙasar da kowa ke kira Pakcik, kamar dai mu ce Baffa. Ya sha jin abokaina suna kwaɗa mini "Injiniya" daga bakin ƙofa, don haka shi ma ya ɗauka. A farfajiyar gidan, gindin mangwaro, yana da wata ƙatuwar farar mota mai ɗaki a ciki: gado, ɗan kicin, har banɗaki. Ya saye ta da ya yi ritaya don ya zaga ƙasa, sai ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Shekara da shekaru tana nan, ba ta yi wata tafiyar kirki ba. Da korona ta zo aka kulle gari, yarana suka mai da ɗakinmu filin ƙwallo, sai Pakcik ya ba ni makullin motar in riƙa shiga ina ganawa da malamina ta waya. Har na haɗa wayata da rediyon motar don in riƙa jin malam raɗau. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ana cikin kullen nan 'yar Pakcik ta haihu a can jihar Kelantan. Jikansa na fari, kuma a waya kawai yake ganinsa. Da aka fara maganar za a bar mutane su tsallaka jiha, tsoho ya shirya dabararsa: zai tuƙa motar, ya ajiye ta a ƙofar gidan 'yarsa, ya kwana biyu a ciki har ya tabbata bai kwaso wa jariri cuta ba, sannan ya ɗauke shi. Sai dai motar na ɗigar da ruwa ta ƙasan inji, garejin da ya saba zuwa kuma a rufe. Wata safiya na fito na tarar da shi riƙe da kwali, an kawo masa sabon taimin bel da wata-famfo, wato bel ɗin cikin inji da famfon da ke zagaya ruwan sanyaya shi.

"Injiniya," in ji shi, idanunsa na murmushi ta saman takunkumi. "Boleh?"

Wato za ka iya? A nan ne ya kamata in ce, Pakcik, ni ma'aikacin laburare ne. Amma na dubi hoton jaririn da ke fuskar wayarsa, na dubi Hajara da ke shanya tana kallona, sai na ji bakina ya ce, "Boleh lah."

Gari na wayewa a Kano na shiga ɗaki na kira Tasi'u. Tasi'u taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, bakanike a Ƙofar Ruwa, can Kano. Wanda ya san taubasantaka ya san abin da na jefa kaina: mutum ne da al'ada ta ba shi lasisin cin mutuncina, kuma bai taɓa barin lasisin nan ya kwana ba aiki ba. Sai da ya gama dariya har da tari, sannan na ce, "Ni so nake ka ba ni hujjar da zan zille. Motar fa ba ta yi tafiya ba, bel ɗinta garau yake. A ɗan toshe yoyon kawai."

"Bawana, kai da kanka ka ce ta shekara goma a ajiye cikin zafi da ruwan sama. Roba ce fa, ko ba a mora ba tsufa take. Ya tsinke masa a hanya, fistin ya daki bawul, inji ya tashi aiki. Kuma tun da bel ɗin ne ke juya wata-famfon, tare ake canza su. Ɗauko sifana, yau za ka san maza na shan wuya."

Haka muka tsara. Na maƙala ɗan abin sauraro a kunne na rufe da hula, takunkumi ya rufe baki, waya na aljihun gaba. La'asar a nan, hantsi a Kano. Ya ce cire kan batir, in cire. Ya ce zubar da ruwan lagireto, in zubar (rabi a bokiti, rabi a wandona). In na rikice sai in fakaici ido in ɗauki hoto in tura masa, ya amsa da, "Wannan ba noti ba ne, jaki, murfin mai ne." Ni kuma ina ƙus-ƙus cikin takunkumi: to, to, na gani, Allah ya isa.

Ashe Pakcik na lura da bakina yana motsi. Ya je ya ba maƙwabta labari cewa injiniyan nan ɗan Afirka ba ya taɓa ko kusa ɗaya sai da zikiri. Kafin mu kai ƙarshen aiki na zama abin kallo. Ranar da zan ɗaura sabon bel, mutanen layin suka fito, kowa a bayan katangarsa saboda dokar ba da tazara. Wata tsohuwa ta aiko mini da ayaba soyayya. Ladanin masallacin unguwa ya ɗaga mini hannu cikin girmamawa. Kaina ya kumbura har hular ta fara matse ni.

Na ɗaura wata-famfo, na zarga bel, na ɗaure. Tasi'u na ta surutu a kunnena kan wasu alamomin jikin inji, wai maki, da sai sun yi daidai, wai in juya injin da hannu in sake dubawa. Na ga aiki ya yi kyau, ga jama'a na jira, ga mutumin nan ya ishe ni. Sai na zare abin kunnen na jefa aljihu, ban kashe kiran ba. Na mai da kan batir, na goge hannu da tsumma yadda na ga manyan kanikawa na yi, na hau kujerar direba. Pakcik ya ɗaga hannu yana addu'a. Na ce bismillah da ƙarfi don na bayan katanga su ji, na murɗa makulli rabi.

Fitilun gaban direba suka kawo. Rediyo ya farka, ya gane tsohuwar ƙawarsa da ke aljihuna. Ga ƙofofi duk a buɗe.

"...KANA JI NA KUWA, BAWAN BANZA? KADA KA KUSKURA KA TAYAR! Kai da ko tayar keke ba ka iya faci ba, za ka kashe wa tsohon mutane inji!"

Hannuna ya sandare a kan makulli. Pakcik ya leƙo yana duba bayan kujera ko wani na ɓuya. Na dubi Hajara da idon roƙo, domin ita kaɗai ta san abin da aka faɗa, kuma da ta yi shiru da na ce wa'azi ne daga gida. Sai baiwar Allah nan ta matso kusa da ƙofa ta ce, "Yaya Tasi'u, ina kwana? Duk layinmu fa na jin ka, har da mai motar."

"Da gaske? Alhamdu lillahi!" Ya gyara murya, ya tattaro duk Turancin da ya mallaka. "Baba, good morning sir! This one no be engineer. Library! Book, book! Engineer na me, from Kano!"

Ban san wanda ya fara dariya ba, ina zargin ladan. Na so kujerar ta haɗiye ni. Pakcik bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi rediyo, sannan ya ɗan rusuna wa rediyon ya yi masa sallama, ya tambaye shi me ya rage. Daga nan aka sauke ni daga muƙami. Tasi'u na ba da umarni ta lasifika, Hajara na fassara wa jama'a har da zagin (ba ta rage ko ɗaya ba, ina jin ma ƙari take), ni kuma ina juya inji da sifana. Da aka duba, makin sun goce nesa da inda ya kamata. Da na ƙarasa murɗa makullin nan, da Pakcik ya ci gaba da ganin jikansa a waya. Wannan ya fi dariyar ƙona ni.

Muka kwance, muka daidaita, muka sake juyawa, mota ta tashi lafiya lau. Da aka buɗe hanya Pakcik ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ya turo mini hotonsa rungume da jariri a ƙofar motar, da saƙo a ƙasa: in tura wa Injiniya na Kano, in kuma gaishe da mai riƙe masa waya.

Abin da na koya ba shi da yawa. In aka laƙaba maka sunan da ba naka ba, mai da shi a ranar, tun bai kai kunnen mai mota ba. In kuwa ka riga ka ci da shi, to ka tabbata ka kashe kiran taubashinka kafin ka murɗa makulli. Ko da yake, in na tuna hoton jaririn nan, gara da ban kashe ba.